Mai Ɗaukar Kayan Jama'a, Wa Zai Sauke Masa?

Jawabin da Kwamitin Jin Daɗin Jama'a ya gabatar a babban taron ƙungiya, a Durumi, Abuja

 

Mai girma shugaban wannan zama, ranka ya daɗe Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu maza da mata, shugabar mata, matasa, da 'yan'uwanmu da suka tako daga sansanin 'yan gudun hijira, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

An ba mu wannan lokaci ne domin mu karanta rahoton kwamiti kamar yadda aka saba, wato buhu nawa aka raba, marayu nawa aka saya wa kayan makaranta, marasa lafiya nawa aka kai asibiti, gawa nawa aka yi wa sutura. Rahoton nan yana hannun sakatare, duk mai son gani ya je ya gani, ba a ɓoye ko kwabo ba. Amma mun roƙi shugaba alfarma ya bar mu yau mu ajiye maganar kayan da ake rabawa, mu yi maganar mutanen da suke rabon. Ya amince, mun gode masa.

Abin da ya jawo haka shi ne, kwanakin baya wata baiwar Allah daga cikinmu, wadda ta yi shekaru tana raka mata asibiti dare da rana, ta same mu ta ce a cire sunanta daga kwamiti. Muka ce Hajiya lafiya? Wani ya ɓata miki rai ne? Ta ce babu wanda ya yi mata komai. Ita dai yanzu da zarar wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, har takan kife wayar ta bar ta tana kuka, ba ta ɗauka. Ta ce abin da ya fi tsorata ta shi ne, ranar nan wata mata ta zo tana ba ta labarin rasuwar ɗanta, tana hawaye, ita kuwa ta ji zuciyarta kamar dutse, ba abin da take tunani sai yaushe matar za ta gama ta tashi. Ta ce, "Ni da na san kaina, na san ba haka nake ba." Kafin mako ya zagayo magana ta bazu a unguwa, wasu na cewa ta samu duniya, wasu na cewa girman kai ya shige ta. Mu da muka zauna da ita mun san ba ɗaya daga ciki. Kuma da muka koma muka dubi littafin kwamiti, sai muka ga ba ita ce ta farko ba. Sunaye da dama an ja musu layi a 'yan shekarun nan, kuma mafi yawansu sunayen waɗanda suka fi kowa ƙwazo ne.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata mu tuna irin zaman da muke yi a nan. Dukkanmu zuwa muka yi. Gbagyi muka tarar, su ne masu masaukinmu, Allah ya saka musu da alheri. An yi dokar kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta taso daga Legas ta tare a watan Disamba na 1991, mu kuma neman abinci ya kawo mu, wani da baro, wani da kurar ruwa, wani da tebur na shayi ko tukuba, wani aikin gadi, wani aikin ofis. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, in ciwo ya kama mutum akwai baba, akwai kawu, akwai gwaggo, akwai maƙwabcin da kakanninku suka san juna. Kayan yakan rarrabu ba tare da kowa ya ji nauyinsa ba. A nan kuwa ƙungiya ita ce dangi, kuma idan aka ce ƙungiya, a gaskiya mutum biyar ne ko shida waɗanda kowa ke da lambar wayarsu.

Sa'an nan shekarar 2014 ta zo. A watan Agusta na wannan shekara Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka watse, wasu duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola da Maiduguri, wasu kuma Allah ya kawo su har Abuja. Daga nan aka samu sansanin da ke nan Durumi kusa da Area 1, da irinsa a Kuchingoro da Wassa. Sojoji sun ƙwato garin Gwoza a watan Maris na 2015, amma ƙwato gari daban, komawar mutum gonarsa ya yi barci da ido biyu a rufe daban. An wuce shekara goma ke nan. Yaran da aka goyo a baya sun zama samari da 'yammata, an haifi wasu a cikin bukkokin kwano da tamfol, ba su san wani gida ba sai nan. Akwai hukumomin da aka ɗora wa alhakin irin wannan al'amari, kamar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, da hukumar kula da 'yan gudun hijira, da ma'aikatar jin ƙai da aka kafa a 2019. Akwai ƙungiyoyin sa kai, da masallatai da coci-coci, da masu hannu da shuni da sukan kawo abin da Allah ya hore musu, musamman da azumi. Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma duk waɗannan da rana suke zuwa. Idan naƙuda ta gardama da ƙarfe biyu na dare, ko yaro ya fara amai da gudawa, ko miji ya kori matarsa da 'ya'ya huɗu cikin ruwan sama, ƙofar da ake bugawa tana cikin unguwar nan ko cikin sansanin.

To, su wane ne muke nufi idan muka ce ma'aikatan jin daɗin jama'a? Akwai waɗanda suka yi karatun abin, suna da takardar shaida, suna aiki a asibitoci da kotuna da gidajen marayu da ma'aikatu. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1975, kuma a ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara wannan sana'a. Muna da irinsu ƙalilan a cikinmu, muna alfahari da su. Amma yawancin masu wannan aiki a Durumi ba su taɓa jin sunan dokar ba. Su ne ungozoma, da 'yan agaji masu kaki, da shugabar mata, da malamin Islamiyya wanda ke koyar da marayu kyauta, da masu wankan gawa da masu haƙar kabari, da dattijon da ake tasa daga barci ya je ofishin 'yan sanda belin yaron da ba nasa ba. Babu albashi, babu hutun shekara, babu ranar da aka ce yau ba ka bakin aiki. Da su muke, kuma da masu takardar shaidar ma, domin ciwon iri ɗaya ne.

Abin da ya sami Hajiyar nan yana da suna a wajen masana, kuma an daɗe da gano shi. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kansa. Shi wannan mutum yana aikin sa kai ne da dare a wani asibitin kyauta a birnin New York na Amurka, inda ake kula da matasa masu shaye-shaye, bayan ya gama aikinsa na rana. Sai ya lura masu sa kai sukan zo da zafinsu, amma bayan kamar shekara guda sai ka ga mutum ya canja: ga gajiya wadda barci ba ya maganinta, ga ciwon kai, ga saurin fushi, ga zargin abokan aiki. Shi kansa abin ya kama shi. Ya kira shi da wata kalmar Turanci mai ma'anar abin da wuta ta cinye ya ƙare, kamar lagwanin fitilar da aka bari tana ci bayan kananzir ya ƙone. Kuma ya ce waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu himma, waɗanda ba su iya cewa a'a. Malalaci ba ya kamuwa da wannan ciwo, don shi tun farko bai ɗauki komai ba balle ya yi masa nauyi.

Bayansa wata malamar jami'a, Christina Maslach, ta zurfafa bincike, har ta fito da ma'aunin gane shi a 1981. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a cikin babban kundinta, ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta danganta shi da yanayin aiki, kuma muna so a riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ta ce ana gane shi ta fuska uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta yi nisa da aikin har ya fara jin haushin waɗanda yake taimaka wa, sa'an nan aikin kansa ya daina yin kyau a hannunsa. Ku auna wannan da maganar Hajiya, za ku ga kamar ita aka kalla aka rubuta.

Akwai ɗan'uwansa kuma, wanda mu a Durumi ya fi shafar mu. Wani masani mai suna Charles Figley, wanda ya yi aiki da sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, ya fitar da littafi a 1995 kan abin da za mu iya kira gajiyar tausayi. Ma'anarsa, mutumin da kullum yake sauraren labarin tashin hankali, ko da bai gani da idonsa ba, labarin yana iya shigarsa ya zauna. Mu shaida ne. Akwai matasanmu da suka zauna rubuta sunayen 'yan gudun hijira lokacin da suka fara isowa, kowane suna da labarinsa: yadda aka yanka miji a gaban matarsa, yadda aka kwana bakwai a kan dutse ba ruwa, yadda uwa ta tsallake da ɗa ɗaya ta bar ɗaya. Ɗaya daga cikin matasan nan ya gaya mana cewa ya yi wata da watanni yana mafarkin Gwoza, alhali kuwa ƙafarsa ba ta taɓa wuce Bauci ba. In tayar mota ta fashe a titi sai ya ji jikinsa na rawa. Bai gaya wa kowa ba a lokacin, don kada a ce namiji da shi ya cika tsoro.

Bahaushe ya ce jiki magayi. Mu ba likitoci ba ne, amma abin da muka gani a junanmu muna iya faɗa. Mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ko ya zo ya yanke tun kafin assalatu. Ya koma gida yaro ya yi ɗan ƙiriniya ya kai masa duka wanda ya wuce laifin. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure. Abinci ya fita kansa. Kullum yana wajen mai kemis, yau maganin ciwon kai, gobe na ciwon jiki, jibi na barci, kuma a nan ne wasu suke zamewa su faɗa shan abin da ya fi ƙarfinsu. Wani kuma akasin haka, sai ya ƙara dulmuya cikin aikin, ya ƙi barin kowa ya taɓa, yana ganin in ba shi ba komai zai lalace. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar ganewa, domin yabonsa ake yi.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci yanzu, kuma gara mu fito da shi fili. Za a ce wannan ai maganar Turawa ce. Mu aikin Allah muke yi, ladanmu na lahira, kuma an hore mu da haƙuri. Gaskiya ne, ba don neman lada ba da babu wanda zai bar shimfiɗarsa da tsakar dare saboda ɗan wani. Imani shi ne babban abin da ke riƙe da mu, kuma ba mu zo nan don mu rage masa daraja ba. Amma malamanmu suna zaune, in mun yi kuskure su gyara mana. An ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa da jikinsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai haƙƙin kansa da na iyalinsa a wuyansa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. To in ibada ma an hana mutum ya halaka kansa a cikinta, ina ga rakiyar asibiti? Kuma mu lura da wani abu a cikin labarin nan: ba Abu Darda'i ne ya gane halin da yake ciki ba, ɗan'uwansa ne ya shigo gidan ya gani ya yi magana. Mu namu Salmanun ina yake? Mun iya cewa "sai haƙuri," mun iya cewa "Allah ya ba da lada," amma da wuya ka ji wani ya ce "kawo in karɓe ka yau, je ka huta."

Yanzu mu koma kan abin da muka ce a riƙe. Idan matsalar daga yanayin aiki take, to ba a magance ta da yi wa mutum nasiha kaɗai. Ka ce wa wanda ke ɗauke da buhu uku ya ƙarfafa wuyansa, ai ba ka taimake shi ba. Saboda haka muka zauna muka tambayi kanmu, mene ne a cikin yadda muke gudanar da aikin nan yake cinye mutanenmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na gaba-gaba shi ne rashin karɓa-karɓa. Lambar mutum ɗaya ta zaga unguwa da sansani, shi ake kira ranar Juma'a, shi ake kira ranar Sallah, shi ake kira ranar da matarsa ke naƙuda. Muna roƙon wannan taro ya amince ƙungiya ta sayi waya guda da layi guda na kwamiti, ta riƙa kwana a hannun masu aikin mako, mutum biyu, namiji da mace in da hali. In makonsu ya cika su miƙa ta ga na gaba, su kuma a ƙyale su. Wanda ya kira su a lambarsu ta gida, su ba shi lambar kwamiti, kuma kada kowa ya ɗauki wannan wulaƙanci. Kakanninmu da suka ƙirƙiro gayya sun san abin da suke yi. Yau a gonar wane, gobe a ta wane, ba a taɓa cewa mutum ɗaya ya nome gonakin gari ba. Dalilin cewa mutum biyu kuwa, bayan sauƙin aiki akwai tsaro. Kada mace ta fita da dare ita kaɗai, kada kowa ya shiga rabon faɗan ma'aurata shi kaɗai. Ba mu manta da Saifura Khorsa da Hauwa Liman ba, ma'aikatan lafiya biyu da aka sace a Rann ta Jihar Borno a watan Maris na 2018 aka kashe su a cikin shekarar, Allah ya jiƙansu. Durumi ba Rann ba ce, alhamdu lillahi, amma ran mai taimako rai ne, a ko'ina yake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce kowa ke jin kunyar faɗa. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na Keke suka bi ta. Wanda ya raka mara lafiya asibiti shi ke biyan motar zuwa da dawowa, shi ke sayen kati, sau da yawa shi ke ajiye kuɗin da ake nema kafin a taɓa mara lafiya, don ba zai iya tsayawa yana kallo ba. Mun san wanda ya taɓa jarinsa na shago a kan haka har shagon ya rufe. Da ya zo karɓar abin da ya kashe, sai aka ce ya kawo rasit, wai mai Keke yana ba da rasit. Muna ba da shawarar a ware wani abu daga kuɗin wata-wata, a ajiye shi a hannun ma'aji da sunan kuɗin zirga-zirga, a riƙa ba masu aikin mako tun ranar da suka karɓi waya, in sun dawo su rubuta abin da suka kashe, abokin tafiyarsu ya sa hannu. Iyayenmu mata da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da rigima ba, su za mu roƙa su tsara mana wannan.

Abin da ya fi kuɗi ciwo shi ne zargi. Wallahi jama'a, da yawa daga cikin waɗanda suka bar aikin nan ba wahala ce ta kore su ba, baki ne. A kawo buhu ashirin ga gida ɗari biyu, a ɗauki hoto, masu kawowa su shiga mota su tafi, a bar mai rabo da jama'a. Duk yadda ya yi, wanda bai samu ba zai ce an karkatar. Mutum ya yini a rana bai karya ba, ya dawo gida ya tarar an riga shi isowa da labarin cewa ya ɓoye shinkafa a ɗakinsa. Ba mu ce ba a taɓa samun mai cin amana ba, ana samu, kuma in an kama shi a hukunta shi. Amma maganin abin duka biyun ɗaya ne: duk abin da aka kawo a ƙirga shi a gaban shaidu, har da wakilan sansani, a rubuta, a karanta wa jama'a kafin a buɗe buhu ko ɗaya. Mai gaskiya ya samu garkuwa, mara gaskiya ya rasa hanya. Kuma muna roƙon 'yan kwamiti su daina alƙawarin abin da ba ya hannunsu. "Zan duba" ta fi "an gama" sauƙin ɗauka.

Game da labaran da suke kwana a zukatanmu, muna so a riƙa yin zama sau ɗaya a wata, na 'yan kwamiti kaɗai, maza daban mata daban in an fi son haka, ba don lissafi ba, don kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai. Sharaɗi ɗaya ne, abin da aka faɗa a nan ya mutu a nan, kuma ba a ambaton sunan mai matsala, domin sirrin mutanen da muke taimaka wa amana ne. Ba a tilasta wa kowa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyi sun fitar da ɗan littafin jagora a 2011 kan agajin farko ga wanda ya shiga tashin hankali, kuma abin da ya koyar a taƙaice shi ne ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako, ba tare da ka matsa masa ya maimaita abin da ya same shi ba. Wannan ya shafi yadda muke yi da 'yan gudun hijira, domin mun sha ganin baƙi suna sa mace ta sake ba da labarin ranar da aka kashe mijinta don kawai a ɗauka a waya. Ya kuma shafi yadda za mu yi da junanmu. Kalmar nan ta uku, wato haɗawa, ita ce hutun mai taimako. Ba kai ne likita ba, ba kai ne alƙali ba, ba kai ne gwamnati ba. In ka kai mutum ƙofar da ta dace ka tabbatar an karɓe shi, ka sauke naka. 'Yan'uwanmu masu takardar shaida sun yi alƙawarin rubuta mana inda ake kai kowace irin matsala, kuma kowa ya haddace lambar gaggawa ta 112.

Wani lokaci zama da 'yan'uwa ba ya isa. Idan rashin barci ya ɗauki makonni, ko mutum ya kasa fita neman abincinsa, ko ya fara shan ƙwaya don ya samu sauƙi, ko kuma, Allah ya kiyaye, ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, to wannan na likita ne, kuma kada a jira gobe. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ta hana ɗaya. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja, akwai a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, akwai kuma babban asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa, Kaduna. Mun san abin da ke hana mu zuwa, tsoron a ce wane ya taɓu. Ita kanta ƙasar ta daɗe a kan wannan tunani, domin har zuwa watan Janairu na 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ana amfani ne da dokar mahaukata ta 1958, tun ta zamanin Turawa. Doka ta canja, saura mu. Wanda ya je ganin likitan hawan jini ba a yi masa dariya.

Akwai waɗanda ba a taɓa gode musu a irin wannan taro ba, su ne matan 'yan kwamiti da mazajensu da 'ya'yansu. Matar da ake ɗauke mata miji ana cikin cin tuwon dare, da mijin da ya yarda matarsa ta kwana a bencin asibiti saboda baƙuwar da bai sani ba, su ma suna cikin aikin. Muna gode muku, kuma muna ba ku izini a gaban Sarki: in kun ga alamun da muka lissafa a jikin naku, ku zo ku gaya wa shugaban kwamiti. Ba ƙara kuka kawo ba. Musamman muna jan hankali kan mata, domin ita mace in ta dawo daga rakiyar asibiti da asuba, ba kwanciya za ta yi ba, ga wuta za ta hura, ga yara za su tafi makaranta, ga ruwa za a saya.

Matasa kuma, ku muke jira. Duk tsarin karɓa-karɓar nan ba zai yiwu da mutum shida ba. Muna buƙatar aƙalla ninkin haka kafin mako ya riƙa zagayowa kan mutum sau ɗaya a wata ko wata biyu. Ba za a jefa sabon shiga cikin ruwa shi kaɗai ba, za a haɗa shi da wanda ya daɗe, kuma ba za a fara tura shi wajen gawa ko wajen wadda aka yi wa fyaɗe ba sai ya ga yadda ake yi. 'Yan'uwanmu na sansani, ku ma kuna da masu yi muku irin wannan hidima a cikinku, waɗanda su kansu gudun suka yi, suna ɗauke da nasu suna ɗauke da na wasu. Zaman wata-watan nan da ku za a yi shi.

Hajiyar da muka fara da labarinta tana nan a cikin taron nan, da izininta muka faɗa. Ba mu cire sunanta ba. Mun ce ta huta wata uku, kada wanda ya kira ta, in ta ga dama bayan nan ta dawo ta riƙa koya wa sababbi, ba sai ta fita da dare ba. Ta ce za ta yi tunani, mun ce ta yi a tsanake.

Ranka ya daɗe, abubuwan da muke neman amincewar taro a kansu ke nan: wayar kwamiti da karɓa-karɓa, kuɗin zirga-zirga, ƙirga kaya a gaban shaidu, da zaman wata-wata. Mun miƙa su a rubuce ga sakatare domin a yi muhawara a kaɗa ƙuri'a kafin a tashi. Littafin rubuta sunayen sababbin masu sa kai yana kan tebur a bakin ƙofa, na mata yana hannun shugabar mata, kuma wanda bai iya rubutu ba akwai yaro a wurin da zai rubuta masa. In mun faɗi abin da ya ɓata wa wani rai a yafe mana. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.